Fanshon ma'aikatan jami'a: kuɗin da ake cire mana, da wanda ya kamata ya ɗauki kasadarsu

Hadiza M.:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 24 ina aiki a ɗakin karatu na jami'a, saura mini shekara 7 in ajiye aiki. Makon jiya na nemi kamfanin da ke riƙe da asusun fanshona ya ba ni cikakken bayani tun daga ranar da aka buɗe shi, ba ɗan taƙaitaccen da suka saba aikowa ba. Na baza takardun albashina a gefe guda, bayanin asusun a gefe guda, ina bi wata-wata. Sai na tarar da wata 11 da aka cire kuɗi daga albashina amma ba su taɓa shiga asusun ba. Wasu watannin kuma sun shiga, amma bayan wata biyar ko shida. Abu na biyu da ya hana ni barci shi ne jimillar kanta. Da na raba ta da shekarun da nake fatan Allah ya ba ni bayan ritaya, abin da ya fito bai kai rabin albashina na yanzu ba. Wa zan tunkara game da watannin da suka ɓata? Kuma haka tsarin yake ga kowa, ko ni ce na yi sakaci?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ofishin ma'aji nake aiki, a wata jami'ar daban, kuma na san yadda irin wannan ke faruwa. Idan kuɗi suka yi ƙaranci a ƙarshen wata, abin da ake fara biya shi ne wanda zai shiga hannun ma'aikaci, domin shi ne idan ya yi jinkirin kwana biyu jami'a za ta ɗauki zafi. Kuɗin fansho kuwa ba mai zuwa bakin ofis ya tambaye su. Sai a rubuta su a littafi a matsayin bashin da za a biya, a ce sai kuɗin rajistar ɗalibai sun shigo. Wani lokaci a biya, wani lokaci wata buƙatar ta riga su. Akwai kuma wanda kuskure ne zalla: an tura kuɗin da lambar asusu da ba daidai ba, suna can ajiye a kamfanin ba a san mai su ba.

Ki rubuta wa ma'aji takarda, ki jera watannin ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da kwafin takardun albashi. Ki ba ƙungiyarku kwafi. Kada ki nemi uwar kuɗin kaɗai. Kuɗin da ya kamata su shiga shekara 10 da suka wuce da yanzu sun haifi riba, wannan ribar ma haƙƙinki ce.

Dakta Auwal:
Malam Sani, na gode da ka faɗi gaskiya, amma ka sassauta sunan abin. Kuɗin da aka cire daga albashin mutum sun daina zama na jami'a tun daga lokacin da aka cire su. Amana ce a hannunta. Wanda ya taɓa su don biyan kuɗin lantarki ya ci bashi ne daga tsufan ma'aikaci ba tare da ya tambaye shi ba. A Birtaniya, bayan mutuwar attajiri mai gidajen jaridu Robert Maxwell a 1991, aka gano ya kwashe ɗaruruwan miliyoyin fam daga asusun fanshon ma'aikatan kamfanoninsa don toshe ramukan kasuwancinsa. Abin da ya sa ƙasar ta yi sabuwar dokar fansho a 1995 ke nan. Girman ɓarnar ya bambanta, amma tunanin ɗaya ne: kuɗi suna nan kwance, masu su ba sa kallo.

Malam Sani:
Ban musa ba, Dakta. Na bayyana yadda ake yi ne, ban ce daidai ba ne. Ni ma ana cire nawa.

Dakta Auwal:
To mu je ga tambayarta ta biyu, don ita ce ta fi girma. Malama Hadiza, ba ki yi sakaci ba. Tsarin fansho iri biyu ne. Na farko, mai ɗaukar aiki ya yi maka alkawari: idan ka yi shekara kaza, za ka riƙa karɓar kashi kaza na albashinka har ƙarshen rayuwarka. Kasuwa ta faɗi ko ta tashi, ka yi tsawon rai ko ba ka yi ba, shi ya ɗauki nauyin. Na biyu, a zuba maka wani kaso a asusunka duk wata, a juya shi, abin da ka tarar ranar ritaya shi ne rabonka. Ke kina cikin na biyu. Duk kasadar da a da take kan hukuma an sauke ta an ɗora wa mutum ɗaya, mai kula da ɗakin karatu ko direba ko malamin kimiyya, wanda bai taɓa koyon harkar hannun jari ba. Ni har gobe ina ganin jami'a ce ya kamata ta ɗauki wannan nauyin, domin ita ba ta tsufa, ba ta ritaya, tana iya jure shekarun fari ta jira na damina.

Malam Sani:
A nan ne muka rabu. Bari in kawo tarihi, don wannan gardamar ta daɗe a jami'o'i. A 1905 attajirin Amurka Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 aka kafa gidauniya don biyan malaman jami'o'in Amurka fansho kyauta, ba a cire musu ko kwabo. Niyya mai kyau, kuɗi masu yawa a wancan zamanin. Ba a daɗe ba aka ga lissafin ba zai kai ba: malamai suna ƙaruwa, albashi yana hawa, masu ritaya suna daɗewa a raye. Shi ya sa a 1918 aka kafa kamfanin fanshon malamai mai suna TIAA, inda malami ke zuba nasa, jami'a ta zuba nata, asusun kuma ya bi mutum duk jami'ar da ya koma. Idan dukiyar Carnegie ba ta iya riƙe alkawarin da ba a tanadar masa kuɗi ba, jami'ar da ke jiran kuɗin rajista kafin ta biya albashi fa?

Alkawari ba ya bayyana a kasafin bana. Majalisar gudanarwar da ta yi shi za ta gama wa'adinta ta tafi, wadda za ta biya kuwa ba a ma naɗa ta ba. Wannan ne ya sa yake da daɗin yi.

Farfesa Garba:
Ku ba tsoho dama ya sa baki. Ni a tsohon tsarin na yi ritaya, wanda Auwal yake yabo. Ranar da aka ba ni takardar lissafina na yi godiya ga Allah, domin abin ya ishe ni da iyalina. Ba a taɓa hana ni ba, ko da yake an sha jinkirtawa. Amma lambar da aka rubuta mini ta tsaya wuri ɗaya, rayuwa kuwa ba ta tsaya ba. Ku riƙe wannan lissafin: idan farashi yana hawa kashi 10 cikin 100 a shekara, cikin shekara 7 kuɗinka sun koma rabi. Idan kashi 20 ne, ba a kai shekara 4. Na ga wannan da idona a cikin gidana. Alkawarin da ba ya bin hauhawar farashi yana narkewa a hannunka kana kallo, ba kuma wanda za ka ce ya karya maka alkawari.

Sani, ka tsaya a 1918. TIAA ɗin ma ta gamu da wannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tsadar kaya ta cinye fanshon malamai. Shi ya sa a 1952 suka buɗe wani sabon asusu mai suna CREF, suka fara zuba wani ɓangare a hannun jarin kamfanoni don kuɗin su riƙa tafiya tare da zamani.

Dakta Auwal:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma maganin abin da ka faɗa shi ne a ɗaura alkawarin da hauhawar farashi, ba a soke shi ba. Ku dubi abin da ya faru da USS, asusun fanshon malaman jami'o'in Birtaniya. Shugabannin jami'o'i suka ce akwai gibi, za su rufe ɓangaren alkawari gaba ɗaya. A watannin Fabrairu da Maris na 2018 ma'aikata a jami'o'i sama da 60 suka yi yajin aiki na kwana 14, aka janye shawarar. Sai lissafin 2020 ya fito da gibin fam biliyan 14.1. A Afrilun 2022 aka rage wa mutane haƙƙinsu: abin da kake tarawa kowace shekara ya sauka daga kashi ɗaya cikin 75 na albashi zuwa ɗaya cikin 85. Da aka sake lissafi a 2023, gibin ya ɓace, sai ga rarar fam biliyan 7.4. A 2024 aka mayar da abin da aka rage, kason da ake cire wa ma'aikaci ma ya sauka daga kashi 9.8 zuwa 6.1. Shekara uku tsakanin "mun kusa durƙushewa" da "muna da rara". Da ma'aikata sun yi shiru a 2018, da an rufe ƙofar har abada bisa lambar da ba ta daɗe ba.

Zainab:
Don Allah wani ya fahimtar da ni. Ta yaya gibin biliyan 14 zai zama rara cikin shekara uku? Kuɗi aka ƙaro?

Malam Sani:
Ba ƙarin kuɗi ne babban dalili ba, ƙanwata, ma'aunin ne ya motsa. A ce na yi miki alkawarin 100 nan da shekara 20. Nawa zan ajiye yau? Idan ajiyar tana kawo kashi 1 a shekara, sai na ajiye kusan 82. Idan tana kawo kashi 4, kusan 46 sun isa. Alkawarin bai canza ba, nauyinsa a yau ne ya ragu kusan rabi. An yi lissafin 2020 ne a ƙarshen Maris, kasuwanni suna cikin ruɗanin korona, kuɗin ruwa a ƙasa warwas. Zuwa 2023 kuɗin ruwa sun hau sosai, sai nauyin ya sauka.

Dakta yana ganin wannan hujjarsa ce, ni kuma ina ganin tawa ce. Ka sa kanka a kujerar ma'aji. An ce ka tsara kasafin shekara biyar, ka ɗauki malamai, ka gyara ɗakunan gwaji, alhali akwai bashin da zai iya ninkawa ko ya rabe biyu saboda shawarar babban banki da ba ka da hannu a ciki. Kafin sauƙin da aka samu a 2024, jami'o'in nan suna zuba kashi 21.6 na albashi a fansho. Wannan kuɗin daga wani wuri ake yanko su, kuma sau da yawa daga guraben aikin matasa ne.

Zainab:
Yawwa, an zo wurina. Shekarata 6 ina koyarwa da kwantiragin shekara-shekara. Ba a cire mini komai, ba a zuba mini komai. Ku kuna gardama kan wane tsari ya fi, mu ko ƙofar ba a buɗe mana ba. Kuma gaskiya tsarin da Dakta yake so bai dace da irinmu ba. Wanda ya shiga jami'a ɗaya yana ɗan 28 ya fita yana ɗan 65 shi yake cin moriyarsa. Ni ban san inda zan kasance nan da shekara uku ba. Gara asusun da zan ɗauka in tafi da shi.

Dakta Auwal:
Kina da gaskiya kan kwantiragi, kuma laifin ƙungiyoyi ne da muka daɗe ba mu sa shi a gaba ba. Amma kada asusun kai ya ruɗe ki. Ƙasar Chile ce ta fara shi gadan-gadan a 1981: ma'aikaci ya zuba kashi 10, kamfanoni masu zaman kansu su juya. Aka yi ta yabonsa, ƙasashe suka kwaikwaya, Najeriya ma ta ɗauko salon a 2004, ko da yake a dokarta ta 2014 ma'aikaci kashi 8 yake zubawa, mai ɗaukar aiki kashi 10. Da waɗanda suka fara tsarin a Chile suka kai ritaya suka ga abin da ya fito, a 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka cika tituna. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne irinki: masu aikin da ke yankewa, da matan da suka dakata don reno. Asusun kai ba ya yafe shekarar da ba a zuba komai ba.

Dakta Nafisa:
Ina biye da ku tun safe. Akwai ɓarakar da ba wanda ya taɓo, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Yaya Hadiza za ta iya gyarawa: ladan da kamfani ke cira don kula da asusu. Kashi 1 a shekara ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma ɗauki kuɗin da aka ajiye shekara 35. Idan suna haihuwar kashi 7, za su ninka sau 10.7. Idan lada ya rage ribar zuwa kashi 6, sau 7.7 za su ninka. Kashi 28 cikin 100 na abin da za ka tarar ya tafi ke nan, ba tare da ka taɓa ganin an cire maka wani abu mai girma ba.

Wannan ma aikin hukumar jami'a ne, ba na ma'aikaci shi kaɗai ba. A 2016 ma'aikata suka maka manyan jami'o'in Amurka a kotu, har da MIT da Yale da Duke, suna zargin an bar asusunsu a hannun masu tsadar lada, an kuma jibge musu zaɓuɓɓuka barkatai. Shari'ar jami'ar Northwestern ta kai Kotun Ƙoli, kuma a Janairun 2022 kotun ta ce sanya zaɓi mai araha a cikin jeri bai wanke masu kula da tsarin ba, wajibinsu ne su riƙa bibiya suna cire marasa kyau. To ni matsayina tsakanin Malam Sani da Dakta Auwal yake. Ko an koma asusun kai, jami'a ba ta da ikon kakkaɓe hannunta. Ita ke da akantoci, ita ke da ƙarfin ciniki da kamfanoni a madadin mutum dubu. Ta tura kuɗi a kan lokaci, ta matsa a rage lada, ta zaunar da sabon ma'aikaci a makonsa na farko ta yi masa bayani. Taron bitar da ake kira wa mutane saura wata shida su tafi ba ya gyara komai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zainab:
Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa a gaban Baba Farfesa. Idan fansho bai isa ba, manya ba sa tafiya. A Amurka tun 1994 aka daina tilasta wa farfesoshi ritaya saboda shekaru. A wasu wuraren ana ta ɗaga shekarun. Mu kuma muna ƙasa muna jiran gurbi.

Farfesa Garba:
Faɗi abinki, 'yata, ba ki yi rashin kunya ba. Na san abokan aiki da suka ci gaba da shiga aji alhali gwiwa da ido sun gaza, ba don son allo ba, don sun yi lissafi sun ga abin da ke jiransu a gida. Jami'ar da ta tsuke fansho don ta rage kashe kuɗi tana biya ta wata hanyar: albashin mafi tsada a ma'aikatanta na ƙarin shekaru, da matasan da suka gaji da jira suka tafi. Ban taɓa ganin an sa wannan a takardar kasafi ba.

Malam Isa:
Tambayata gajeriya ce. Yawancin kuɗin nan a takardun lamuni masu ruwa ake zuba su. Wanda ba ya so fa?

Dakta Nafisa:
Ka tambayi kamfaninka ko suna da asusun da ba ruwa, Malam. Da yawa yanzu suna da shi, ana zubawa a sukuk, wato takardun jari na Musulunci marasa ruwa, da hannun jarin kamfanonin da aka tantace. Amma ba za a mayar da kai can da kanka ba sai ka cike takarda ka nema. Ka kuma tambayi ladansa da ribar da ya kawo a shekarun baya kafin ka sa hannu.

Hadiza M.:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Ƙanena yana ba ni shawara idan lokaci ya yi in karɓi iyakar abin da doka ta yarda a dunƙule, mu sa a kasuwanci, wai ya fi a riƙa ɗigo mini kaɗan-kaɗan.

Farfesa Garba:
Hadiza, ki saurare ni da kyau a nan. Na ga mutane masu hankali, waɗanda suka shugabanci sassa, sun karɓi garatuti sun shiga sana'ar da ba su taɓa yi ba suna da shekara 65. Ɗan 30 idan ya faɗi yana da lokacin tashi. Ke albashi ba zai sake zuwa ba. Kuma ranar da aka ji kuɗi sun shigo a dunƙule, buƙatun da za su yi sallama a ƙofarki ba za ki iya ƙirga su ba, kowacce kuma ta gaskiya ce, ba za ki iya cewa a'a ba. Abin da ke zuwa wata-wata yana kare ki har daga tausayinki. Idan kina son sana'a, ki fara ta yanzu da ƙaramin abu daga albashi, shekara 7 sun isa ki gane ko za ki iya.

Dakta Nafisa:
Ƙari a kan maganar Baba. A 1994 wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwarsu ya nuna cewa wanda yake son ajiyarsa ta kai shi shekara 30, abin da zai ci a shekarar farko bai kamata ya wuce kusan kashi 4 ba. Lissafin na kasuwarsu ne, inda farashi ya fi hawa abin ya fi haka tsanani. Amma yana nuna miki yadda kuɗin da suke da yawa a ido suke ƙanƙancewa idan aka shimfiɗa su a kan shekaru. Kafin ki zaɓi tsakanin cira daga asusu da sayen fansho na har abada daga kamfanin inshora, ki tambayi abu uku: me zai faru idan kuɗin suka ƙare ina raye, me magadana za su samu, kuma ana ƙara adadin idan farashi ya hau? Ki duba sunan magajin da ke takardunki ma, da yawa tun na ranar ɗaukar aiki ne. Idan kuma da hali, ki fara zuba ƙari na ganin dama daga wannan watan.

Dakta Auwal:
Duk na yarda da shawarwarin nan. Amma ku lura, mun taru mu shida muna koya wa mutum ɗaya yadda za ta kare kanta daga tsarin da aka ce don ita aka yi. Masu share ɗakunan karatu da masu gadi da ba sa cikin wannan zauren, wa zai yi musu wannan lissafin?

Malam Sani:
Wannan kam ba ni da amsarsa, Dakta. Abin da zan iya a ofishinmu shi ne in nemi a riƙa liƙa shaidar tura kuɗin fansho duk wata inda kowa zai gani. Zan kai maganar zaman da ke tafe.

Hadiza M.:
Na dawo da labari. Na kai takardar ofishin ma'aji yau, an buga mini hatimin karɓa a kwafina. Da na nuna wa abokan aikina, mutum huɗu suka nemo nasu bayanan, kuma uku daga ciki watannin da suka ɓace musu su ne dai nawa. Mun shirya mu rubuta ta haɗin gwiwa. Malam Sani, akwai wata takarda takamaimai da za mu nema?

Malam Sani:
Akwai. Ku nemi jadawalin turawa na kowane wata cikin 11 ɗin, wato jerin sunaye da lambobin asusu da adadin da aka aika wa kamfanin, tare da shaidar biya ta banki. Idan sunayenku suna ciki kuma an biya, matsalar tana wurin kamfanin, sai ku kai musu kwafi su nemo kuɗin. Idan babu shaidar biya, kuɗin ba su bar jami'a ba. A nan sai ku ba su wa'adi a rubuce, ku sa ƙungiya a ciki, in wa'adin ya wuce ku aika wa hukumar da ke sa ido kan fansho. Ku riƙe asalin takardun albashinku a gida, kwafi kawai za ku bayar.